Hawan jinin masu juna biyu da ke kai ga jijjiga: tambayoyi da amsoshi kan abin da mabiyiya ke yi wa jijiyoyin jinin uwa

Yawancin mutane da ƙarshen wannan ciwo suka saba: mai ciki ta kumbura, jininta ya hau, wata ma ta faɗi tana jijjiga. Likitoci suna kiran matakin da ke zuwa kafin jijjigar firiklamsiya, jijjigar kanta kuma eklamsiya. Sai dai lokacin da awon jini ya nuna matsala, an daɗe da soma ɓarnar. Tana farawa ne tun watannin farko na ciki, a daidai wurin da mabiyiya ta manne wa mahaifa.

Mene ne firiklamsiya, kuma me ya raba shi da hawan jinin da aka saba?

Ana cewa mace ta kamu da shi idan jininta ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce bayan mako 20 na ciki, alhali da can jininta daidai yake, kuma aka ga alamar wani sashe na jiki ya taɓu. Alamar da aka fi gani ita ce furotin a fitsari, miligiram 300 ko fiye a cikin awa 24. Ko babu furotin, idan ƙoda ko hanta ta fara gazawa, ko ƙwayoyin da ke daskarar da jini suka ragu, ko ciwon kai da rikicewar gani suka shigo, hukuncin ɗaya ne. Idan awon ya kai 160 bisa 110, abin ya zama na gaggawa.

Yana samun mace 2 zuwa 8 cikin kowace 100 masu juna biyu a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mata kusan 46,000 duk shekara, da 'yan tayi da jarirai wajen 500,000. Hawan jinin da aka saba yana nan ko da ciki ko babu. Wannan kuwa ciki ne ke kawo shi, kuma hawan jinin alama ce guda cikin alamun wata ɓarna da ta shafi jijiyoyin jini na jiki baki ɗaya.

Me ya sa ake ɗora wa mabiyiya alhakin, ba jaririn ko mahaifar ba?

Hujjar tana da ƙarfi. Akwai wani irin ciki da mabiyiya ke girma ta zama ƙulle-ƙulle masu ruwa ba tare da ɗan tayi ba. Masu irin wannan ciki suna kamuwa da ciwon, wani lokaci ma tun kafin mako 20. Ke nan ba sai da jariri ba. An kuma ga ciwon a matan da cikinsu ya zauna a wajen mahaifa, cikin kogon ciki. Ke nan ba sai a mahaifa ba. Masu tagwaye, da yake mabiyiyarsu ta fi yawa, haɗarinsu ya fi yawa. Sannan da zarar an haihu mabiyiya ta fita, ciwon yakan kama hanyar sauka.

Tun a 1893 wani likita Bajamushe mai binciken gawa, Georg Schmorl, ya tarar da ɓarɓashin ƙwayoyin mabiyiya a cikin huhun matan da jijjiga ta kashe. Shi ne ya fara nuna cewa abin da ke cikin mabiyiya ba ya tsayawa a mahaifa.

Waɗanne ƙwayoyin mabiyiya ne ke shiga jikin uwa, kuma mene ne aikinsu a cikin da ke tafiya daidai?

Sunansu tirofobilas. Na ɗan tayi ne, ba na uwa ba, don haka rabin gadon halittarsu daga uba ya fito. Wasunsu suna narkewa cikin juna su zama shimfiɗa guda da ke rufe rassan mabiyiya, wadda jinin uwa ke wankewa kai tsaye. Ta nan abinci da iskar oksijin ke ƙetarawa zuwa ga jariri. Wasu kuma suna barin mabiyiyar su kutsa cikin naman mahaifa. Waɗannan masu kutsen su ne maganarmu.

A bangon mahaifa akwai ƙananan jijiyoyin jini murɗaɗɗu. Kafin ciki siraru ne, kewaye da tsoka, suna matsewa suna sakewa bisa umarnin jiki. Da irin wannan jijiya ba za a iya ciyar da jariri ba. Sai ƙwayoyin tirofobilas su auka musu ta waje da ta ciki. Tsokar bangon da zaren da ke ba shi talewa duk su watse, wani abu mai laushi ya maye gurbinsu, ƙwayoyin kuma su zauna a bangon na ɗan lokaci. A 1997 Susan Fisher da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya ta San Faransisko sun nuna cewa ƙwayoyin har sauya kamanni suke yi, su ɗauki siffofin ƙwayoyin da ke shimfiɗe a cikin jijiyar jini. Aikin yana zurfi har ya ratsa kashi ɗaya cikin uku na tsokar mahaifa ta ciki, kuma yakan kammala wajen mako 20. Bakin kowace jijiya yana buɗewa ninki 5 zuwa 10, kuma ba ta sake matsewa ko da jikin uwa ya ba da umarni. Mahaifar da ke karɓar jini kusan mililita 50 a minti kafin ciki, sai ga ta tana karɓar fiye da 500 a ƙarshensa.

Akwai abin mamaki a farkon aikin. A makonnin farko ƙwayoyin ba buɗe jijiyoyin suke yi ba, toshe bakinsu suke yi. Ɗan tayi yana girma ne cikin ƙarancin oksijin, yana rayuwa da ruwan da mahaifa ke tatso masa, domin a wannan mataki oksijin mai yawa cutarwa ce a gare shi. Sai wajen mako 10 zuwa 12 toshiyar ke warwarewa jini ya fara shiga sosai.

To ina abin ke lalacewa?

Kutsen ne ba ya zurfi. A 1972 Ivo Brosens da Robertson da Dixon suka duba naman mahaifa daga wurin da mabiyiya ta zauna. A matan da suka yi ciwon, sauyin ya tsaya a sama-sama. Can ciki jijiyoyin suna nan siraru da tsokarsu.

An daɗe ana fassara wannan da cewa jini ne kawai ba ya isa. Graham Burton na Jami'ar Kambirij da abokan aikinsa sun nuna a 2009 cewa maganar ta fi haka. Ta lissafinsu, jinin da ke fitowa daga jijiyar da ta buɗe yana tafiyar santimita 10 a daƙiƙa, na wadda ba ta buɗe ba kuwa yana fita da gudun mita 1 zuwa 2. Wanda ya taɓa danne bakin tiyo da yatsa ya san abin da ake nufi: ruwan ba ƙaruwa ya yi ba, amma yana fita da ƙarfin da zai tone ƙasa. Haka jinin ke dukan rassan mabiyiya masu taushi yana yayyaga su. Ƙari a kan haka, tunda tsokar tana nan, jijiyar tana matsewa tana sakewa, oksijin ya zo ya ɗauke, ya zo ya ɗauke. Wannan zuwa da ɗaukewa ya fi ƙarancin oksijin mai ɗorewa illa, domin yana haifar da sinadarai masu ƙona ƙwayoyin halitta. Wasu jijiyoyin kuma kitse da gudan jini ke taruwa a bangonsu har su toshe, wani yanki na mabiyiya ya mutu.

Shi ya sa ciwon ke zuwa tare da rashin girman jariri, da ƙarancin ruwan ciki, wani lokaci da ɓallewar mabiyiya kafin haihuwa.

Me ke hana ƙwayoyin yin zurfi?

Bayanin da ya fi samun hujja ya shafi garkuwar jiki. A watannin farko, kusan kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin garkuwar da ke bangon mahaifa wani iri ne da ake kira NK. A sauran jiki aikinsu kisa ne. A mahaifa kuwa su ne ke fara sassauta jijiyoyin, su kuma fitar da sinadaran da ke jawo tirofobilas. Suna gane baƙon ne ta wata alama da ke jikinsa, HLA-C, su kuma suna karanta ta da abin da ake kira KIR. Dukansu biyu suna da nau'o'i da yawa daga mutum zuwa mutum. A 2004 rukunin Ashley Moffett a Kambirij ya gano cewa idan uwa tana da nau'in KIR AA, ɗan tayi kuma yana da HLA-C2, haɗarin yana ƙaruwa, domin wannan haɗi yana sanyaya ƙwayoyin NK su kasa yin aikinsu. Annettee Nakimuli ta Jami'ar Makerere ta bi wannan layi a kan matan Yuganda, ta gano a 2015 wani nau'in KIR mai ba da kariya da ake samu a 'yan Afirka.

Wannan yana taimakawa wajen fahimtar dalilin da ya sa cikin fari ya fi haɗari, da dalilin da ya sa uba ke da hannu a ciki. Amma a yi hattara da shi. Ƙari ne a kan haɗari, ba hukunci ba, kuma ba a auna miji da mata a asibiti a ce musu jininsu bai dace ba.

Ta yaya matsalar da ke cikin mahaifa take kai wa ƙoda da ƙwaƙwalwa?

Kowace jijiyar jini a jiki tana da shimfiɗa a ciki mai kaurin ƙwaya ɗaya tak, ana kiranta endoteliyam. Ita ke sa jijiya ta saki, ta hana jini daskarewa a ciki, ta kuma hana ruwa yoyo zuwa waje. A 1989 James Roberts da abokan aikinsa suka ce firiklamsiya ciwon wannan shimfiɗa ne. A 1991 Christopher Redman na Okasfod ya tsara abin mataki biyu: mabiyiya ta wahala a ɓoye, daga baya jikin uwa ya nuna. Abin da ya rage shi ne a gano me ke tashi daga mataki na farko ya haddasa na biyu.

An samu babban ɓangare na amsar a 2003 a Boston, a ɗakin binciken Ananth Karumanchi. Shimfiɗar jijiya tana bukatar wasu furotin biyu don ta zauna lafiya, VEGF da PlGF. Mabiyiyar da ta wahala tana zuba wani furotin mai suna sFlt-1 cikin jinin uwa da yawan gaske, shi kuma yana cafke waɗancan biyun tun suna yawo, kafin su isa inda ake bukatarsu. Da aka sa wa ɓeraye masu ciki sFlt-1, jininsu ya hau, furotin ya fito a fitsarinsu, ƙodarsu ta yi irin lalacewar da ake gani a mata. A 2004 aka nuna cewa yana fara hawa a jinin mace kimanin mako 5 kafin alamu su fito. A 2006 aka gano abokin tafiyarsa, wani ɓallen furotin endogilin, wanda idan ya haɗu da sFlt-1 ciwon ke ƙara muni.

Hujjoji biyu daga gefe sun fi burge ni. Magungunan sankara da ke toshe VEGF, irin su bevacizumab, suna kawo hawan jini da furotin a fitsari ga mutanen da ba su da ciki, har da maza. Sannan umarnin ƙera sFlt-1 yana kan kuromosom, wato ƙunshin gadon halitta, na 13 ne, kuma matan da ke ɗauke da ɗan tayi mai kuromosom na 13 guda uku maimakon biyu sun fi kamuwa da ciwon.

Ba sFlt-1 kaɗai mabiyiya ke zubarwa ba. Akwai ƙananan ƙunsoshi da ke ɓallewa daga shimfiɗarta, da ɓarɓashin DNA, da sinadaran da ke tayar da garkuwar jiki. Jijiyoyin uwa kuma suna zama masu saurin matsewa. A cikin da ke lafiya, jijiyoyi ba sa cika jin sinadarin anjiyotensin da ke ɗaga jini. Tun 1973 Norman Gant ya nuna cewa matan da za su kamu da ciwon suna rasa wannan kariya makonni kafin jininsu ya hau.

Yaya wannan ke bayyana alamun da ake gani?

Kusan kowace alama daga shimfiɗar take fitowa. Jijiyoyi sun matse, jini ya hau. Suna yoyo, fuska da hannuwa su kumbura, ruwa ya iya taruwa a huhu. A ƙoda, matatar jini tana da ƙananan ƙofofi waɗanda VEGF ke riƙe da su a buɗe. Da ya yi ƙaranci, ƙwayoyin su kumbura, matatar ta lalace, furotin ya zube cikin fitsari. A hanta, ƙananan jijiyoyi su toshe, hantar ta kumbura, mace ta ji ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko a bakin ciki, har a ɗauka gyambon ciki ne. Idan jajayen ƙwayoyin jini suka fara farfashewa, ƙwayoyin daskarar da jini suka ragu sosai, an shiga halin da Louis Weinstein ya raɗa wa suna HELLP a 1982. A ƙwaƙwalwa, musamman ta bayan kai inda ake sarrafa gani, ruwa ya tsattsafo, sai ciwon kai mai tsanani, da ganin walƙiya ko dishi-dishi, da jijjiga.

Kumburin ƙafa shi kaɗai ba hujja ba ne, domin yawancin masu ciki suna yin sa. Kuma mace tana iya jin garau alhali jininta ya yi sama, wanda shi ne amfanin zuwa awo.

Duk mai ciwon ne jijiyoyin mahaifarta suka ƙi buɗewa?

A'a. Wanda ke fitowa kafin mako 34 shi ne ya fi bin bayanin da ke sama, ya fi tsanani, jariri kuma yakan zo ƙarami. Amma mafi yawan masu ciwon bayan mako 34 suke kamuwa, kuma sau da yawa jijiyoyinsu sun buɗe daidai. A nan ana ganin mabiyiya ce ta cika wuri ta tsufa, rassanta suka matsu, ta soma fitar da sinadaran nan. Idan kuma jijiyoyin uwa dama suna da rauni saboda ƙiba, ciwon suga, tsohon hawan jini ko ciwon ƙoda, kaɗan ya ishe su. Wasu masana ma suna cewa zuciyar uwa ce ke fara gazawa mabiyiya ta biyo baya. Muhawarar tana nan, kuma a ganina kowane ɓangare yana kallon wani rukuni ne na mata.

Ana iya hango shi kafin ya fito?

Zuwa wani mataki. Hoton ciki irin na Dofla yana nuna ko jini na fuskantar turjiya a manyan jijiyoyin mahaifa. A mako 11 zuwa 13 ana haɗa shi da tarihin mace, da awon jininta, da yawan PlGF, a ware waɗanda ke cikin haɗari. Daga baya kuma ana auna sFlt-1 a raba da PlGF. Wani bincike da ya fito a 2016 ya nuna cewa idan sakamakon bai wuce 38 ba, kashi 99.3 cikin 100 na matan da ake zargi ba za su kamu ba a cikin mako guda. Gwajin ya fi iya cewa babu a kan ya ce akwai. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da irinsa a 2023. Inda babu shi, na'urar awon jini da gwajin fitsari su ne abin dogaro.

Me ya haɗa asfirin da wannan ciwo?

A ciwon, sinadarin da ke matse jijiya ya tara gudan jini, turomboksen, yana rinjayar wanda ke sakin ta. Asfirin kaɗan yana rage na farkon. A gwajin ASPRE na 2017, an ba matan da ke cikin haɗari miligiram 150 kullum daga mako 11 zuwa 14 har mako 36, sai ciwon da ke sa a haihu kafin mako 37 ya ragu da kashi 62 cikin 100. Bai rage na ƙarshen ciki sosai ba, abin da ya yi daidai da bambancin da muka faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar miligiram 75, Amurka 81. Lokacin farawa yana da muhimmanci, an fi son kafin mako 16, tun ana cikin aikin buɗe jijiyoyin. Likita ne ke tantance wadda ya dace da ita. Ga matan da kalsiyam ya yi ƙaranci a abincinsu, Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar giram 1.5 zuwa 2 a rana.

Bitamin C da E kuwa, duk da cewa hankali ya ɗauka za su kare mabiyiya daga sinadarai masu ƙonawa, manyan gwaje-gwaje a 2006 da 2010 sun nuna ba su hana komai ba.

Idan aka saukar da jini da magani, an warke?

Ba a warke ba. Labetalol da nifedifin da metildofa suna kare uwa daga fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa, amma mabiyiya tana ci gaba da zubar da abin da take zubarwa. Allurar magniziyam salfet kuma jijjiga take hanawa: gwajin Magpie na 2002, da mata fiye da 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna ta rage jijjiga da kashi 58 cikin 100. Abin da ke katse ciwon shi ne fitar mabiyiya. Daga mako 37 ana ba da shawarar a haihu. Kafin nan likita yana auna haɗarin uwa da na bakwaini, kuma idan alamu sun tsananta ba a jira.

Me ya hana a cire sFlt-1 ɗin daga jini kawai?

An gwada. Ravi Thadhani da abokan aikinsa sun tace jinin wasu mata kaɗan a Jamus, suka ba da rahoto a 2011 da 2016 cewa furotin a fitsari ya ragu, cikin kuma ya ƙara kwanaki. A 2018 an gwada a kan birai wani magani da ke hana mabiyiya ƙera shi. A Afirka ta Kudu, gwajin metfomin, maganin ciwon suga, da ya fito a 2021 ya nuna alamar ƙara wa ciki kusan mako guda. Babu ko ɗaya da ya zama maganin yau da kullum. Akwai kuma tsoro mai dalili: idan hawan jinin uwa yana taimaka wa jini ratsa siraran jijiyoyin, saukar da shi fiye da kima zai iya rage wa jariri.

Bayan haihuwa jijiyoyin uwa suna komawa yadda suke?

sFlt-1 yana faɗuwa cikin kwanaki kaɗan, amma shimfiɗar jijiya tana ɗaukar lokaci kafin ta murmure. Jini yakan ƙara hawa a kwana na 3 zuwa 6 bayan haihuwa, kuma ciwon yana iya fara bayyana, har da jijjiga, a cikin mako 6 na jego. Mai jego da ta ji ciwon kai mai tsanani, ko ganinta ya rikice, ko numfashi ya yi mata wuya, asibiti ya kamata a kai ta nan take.

Ga yawancin mata jini yana daidaita kafin wata 3. Amma wani nazari na 2007 da ya tattara bayanan mata fiye da miliyan 3 ya nuna cewa wadda ta yi ciwon tana da haɗarin hawan jini nan gaba kusan ninki 4, na ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki kuma kusan ninki 2. Haɗarin ya fi yawa ga wadda ciwon ya kama da wuri ko ya maimaita mata. Ko ciwon ne ya bar tabo a jijiyoyin, ko ciki ne ya tona raunin da dama yana nan, masana suna ganin duka biyun suna da hannu. Tun 2011 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta sa shi cikin abubuwan da ake tambayar mace idan ana auna haɗarin ciwon zuciyarta. Shawarar da ake ba irin waɗannan mata ita ce su riƙa auna jini aƙalla sau ɗaya a shekara, su kuma fara awo da wuri a ciki na gaba domin a duba ko za a ɗora su a kan asfirin.